Malamin Jan Gida

Tun ranar da takardar makaranta ta iso, gidan Tela bai sake zama daidai ba. Ɗansa na fari, wanda kowa ke kira Injiniya saboda babu rediyo ko tocilar da ta taɓa tsira daga hannunsa, ya ci jarrabawar shiga sakandaren kwana, irin wadda iyaye ke rububi a kanta. Takardar shafi uku ce. Na farko taya murna, na biyu jerin kayan da za a zo da su, na uku kuma gayyata: ranar Asabar, saura mako guda a buɗe makaranta, sababbin ɗalibai su zo da iyayensu a zagaya da su, a karanta musu dokoki.

Maman Injiniya ta manna shafi na biyu a ƙofar kicin, duk abin da aka sayo sai ta soke shi da biro. Bokiti biyu, 'yar siririyar katifa, gidan sauro, akwatin ƙarfe da kwaɗonsa, farin takalmi, kwano da cokali. Yunifom kuwa Tela ya ce ba mai ɗinka wa ɗansa yana raye. Ya ture ɗinkin mutane gefe, ya duƙufa a kan keke, ya bar kalmasa mai faɗin tafin hannu a ƙafar kowane wando.

"Baba, wandon nan ai mu biyu za mu shiga," in ji Injiniya da ya gwada.

"Ku biyun ne. Kai da wanda za ka zama baɗi."

Shi ma Tela ya taɓa zaman makarantar kwana a wani gari mai nisa, amma ko aji ɗaya bai gama ba. In an tambaye shi sai ya ce karatun ne bai karɓe shi ba, ya canja zance. Kunnensa na hagu ba ya ji. Masu kawo ɗinki sun saba tsaya masa ta dama. Matarsa kuma abin da ta sani shi ne ya faɗo daga gado mai hawa biyu yana yaro, don haka ya gaya mata tun yana neman aurenta.

Ranar Asabar ɗin aka tashi da hadari, ya ƙi zuba, ya ƙi washewa. Zafi ya danne babban ɗakin taron. Iyaye sai fifita suke da takardun da aka raba musu a ƙofa, yara kuma an jera su a gaba, kowa da sabon aski, kai na ƙyalli. Shugabar makarantar, wata doguwar mata mai tabarau, ba ta ja zance ba. Ta ce babu waya, babu wuƙa ko ashana, babu ziyara sai bayan mako shida, "don yaro ya saba, uwarsa ma ta saba." Mata suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ta yi bayani cewa ɗakunan kwana huɗu ne, ana ce musu gidaje, kowanne da launinsa da malamin da ke kula da shi. A takardar Injiniya an rubuta Jan Gida.

Malaman suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Na Jan Gida ne na ƙarshe, wani kakkauran mutum, furfura ta fara cin gemunsa, fuska cike da fara'a. Aka miƙa masa makirfo ya ƙi karɓa. Ya tako bakin dandamali, ya zura yatsa cikin zoben makullansa, ya juya su sau biyu, ya cafke a tafin hannu. Sannan ya yi gyaran murya.

Tun kafin malamin ya buɗe baki Tela ya gane shi.

"Iyaye, ku kwantar da hankalinku," in ji malamin. "Ku kawo min su da kukansu da shagwaɓarsu, har da masu fitsarin kwance. Wata uku kawai nake nema. In kun dawo, ku da kanku sai kun tambaya wanne ne naku."

Ɗakin ya kaure da dariya da tafi. Maman Injiniya ta taɓo mijinta. "Ka ga irin wanda yaron nan ke buƙata. Ko ya koyi wanke safarsa."

Idon Tela na kan malamin. Shekara talatin da ɗaya sun wuce, jiki ya buɗe, murya ta yi kauri, amma juya makullan nan da cafkewar ba su canja ba. Guduma ne.

A tsohuwar makarantar Tela, Guduma ɗan ajin ƙarshe ne, shi ne shugaban ɗakinsu, makullin ɗakin akwatuna a hannunsa yake. Lokacin Tela shekararsa goma sha biyu, siriri har ana ce masa Tsinke, shi ke yi wa Guduma wanki da guga. Wata rana da hantsi garwashi ya faɗo daga dutsen guga ya huda farar rigar Guduma a bakin aljihu, hujin ko ƙwayar wake bai kai ba. Guduma bai yi faɗa ba. Ya kira shi ɗakin akwatuna cikin sanyin murya, ya tura ƙofa, ya juya makullan sau biyu ya cafke, ya cire takalminsa mai ƙarfe a dunduniya. Abin da Tela ya fi tunawa shi ne ɗumin jinin da ya riƙa zubowa daga kunnensa yana bin wuyansa, da yadda daga baya Guduma ya durƙusa ya goge masa da rigar da ta ƙone, yana ce masa a hankali, "Daga gado ka faɗo. Maimaita." Ya maimaita. Ya maimaita wa nas, ya maimaita wa mahaifinsa, bai kuma daina ba har yau.

Bayan taro aka raba iyaye, kowa ya bi malamin gidan ɗansa. Jan Gida tsaf yake, tsaftar har ta yi yawa. Gadaje a jere kamar an ja musu zare, ƙasa ko ƙwayar shara babu. Manyan ɗalibai huɗu da aka dawo da su da wuri saboda taron suna tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya, ba mai ɗaga ido. Iyaye sai yabawa suke. Malamin ya ɗaga hannu zai nuna fankar da aka sa bara, sai Tela ya ga ɗalibin da ke kusa da shi ya noƙe wuya ya kare kansa da gwiwar hannu, nan take kuma ya sauke. Ba wanda ya lura.

Injiniya kuwa tuni ya tsuguna a jikin bango. "Malam, soket ɗin nan waya ɗaya ta kwance. Wani zai iya taɓawa."

Malamin ya yi dariya, ya ɗora tafinsa a ƙeyar yaron, ya ɗan matsa. "Mai baki ne. Ina son masu baki. Wannan nawa ne."

Maman Injiniya ta yi murmushin jin daɗi. Tela ya zuba wa hannun nan ido har aka ɗauke shi.

A baranda an kafa tebur, an tara fom a kai. Dokokin da aka karanta ne, sai jimla ɗaya a ƙasa: iyaye sun amince makaranta ta hori yaro yadda ta ga ya dace. Mutane na layi suna sa hannu ba mai karantawa. Maman Injiniya ta miƙo wa mijinta biro.

"Wurin uba ne. Sa mu tafi kafin ruwan nan ya sauko."

"Ina zuwa," in ji Tela.

Malamin ya koma ƙarshen baranda zai rufe ɗakin akwatuna da ya buɗe wa iyaye suka leƙa. Tela ya bi shi ciki. Kantocin katako ne har sama, babu taga sai 'yar kafa kusa da rufi, ga warin tsatsa da tsohon sabulu.

"Guduma," ya ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama.

Malamin ya juyo a hankali, ya ƙare masa kallo sama da ƙasa. Murmushin na nan a bakinsa, amma ya bar idanunsa.

"An daɗe ba a kira ni haka ba. Wa ke nan?"

"Tsinke."

"Tsinke!" Ya fashe da dariya ya ware hannuwa kamar zai rungume shi. "Kai, duniya! Ashe kana nan, har ka yi tumbi. Kada dai mai bakin nan naka ne?"

Sai ya tako, ya zagaya ta bayan Tela, ya zo ya tsaya masa ta dama, dab da kunnen da ke ji. Tela kuwa bai gaya masa wanne ne ba.

"Yarinta ce, Tsinke. Kowa an yi masa, kowa ya yi. Ga shi ka zama mutum, da sana'arka da iyalinka. Wa ya san inda kake yanzu da ba a taɓa ka ba?" Ya ƙara sassauta murya. "Je ka sa hannu. Ɗanka a wurina yake, kulawa ta musamman zan ba shi. Ai mun zama 'yan'uwa."

Abin da ya fi cin ran Tela daga baya shi ne bakinsa ya ce "To" tun kafin ya yi shawara da shi.

Amma da ya fito bai tsaya a teburin ba. Ya wuce, ya sauka matakala, ya je ya tsaya a gindin tankin ruwa yana haki. Yayyafi ya fara. Matarsa ta biyo shi da fom a hannu.

"Baban Injiniya, lafiya? Mu kaɗai muka rage fa, mutane na kallonmu."

"Ban faɗo daga gado ba."

"Wane gado kuma?"

Ya nuna kunnensa. Ya gaya mata komai, idonsa a ƙasa, ba ƙari ba ragi. Ruwa na ɗiga a kan takardar har tawada ta fara narkewa.

"Shekara goma sha huɗu ina zagayowa ta damarka," ta ce, "ban taɓa sanin mutum ne ya yi maka ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kira shi mu tafi. Makaranta ba ta ƙare a duniya ba."

Suka waiga. Injiniya na can da wasu yara biyu da ya riga ya yi abota da su, sun yi ɗage sun manna fuska a tagar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, yana nuna musu wani abu a ciki yana bayani da hannu bibbiyu.

"In na cire shi me zan ce masa?" in ji Tela. "Karatu bai karɓe shi ba? Kuma ki duba yaran da suka zauna a gaba ɗazu. Arba'in daga cikinsu gidan nan za su kwana."

Ta dube shi, ta dubi fom ɗin, ta ninke shi ta sa a jaka. "Ofishin shugabar na can, bayan tutoci."

Shugabar ta saurare shi ba ta katse shi ba. Da ya kai tsakiya ta tashi ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta dawo ta zauna. Da ya gama ta cire tabarau ta murza ido.

"Malam, abin da ka faɗa a wata makaranta ya faru, yana ɗalibi, shekara talatin baya. Ba zan iya taɓa malami a kan wannan ba."

Tela ya gyaɗa kai, ya yunƙura zai tashi.

"Zauna. Bara an cire yara biyu daga gidan nan a tsakiyar zango. Na kira iyayen, ɗaya ya ce sauyin gari, ɗaya ya ce yaron ne ba ya son kwana. Akwai na uku da muka kai asibiti da karaya a hannu. Ya ce min santsin banɗaki ne. Sau uku ina tambayarsa, sau uku yana ba ni amsa ɗaya, ko kalma bai canja ba." Ta jawo farar takarda ta tura gabansa. "Ni shekarata biyu a nan, shi goma sha bakwai. Tsofaffin ɗalibai na son shi, hukumar makaranta na son shi, yaran gidansa sun fi kowa cin jarrabawa. Ba ni da komai a rubuce. Za ka iya rubutawa ka sa sunanka?"

"Zai gani?"

"Zai gani."

"Ɗana fa, ranki ya daɗe?"

"Zan mai da shi Koren Gida. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, makaranta ɗaya ce, hanya ɗaya, ɗakin cin abinci ɗaya."

A waje ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tela ya dubi matarsa. Ta matso da kujerarta har kafaɗarta ta taɓa tasa. Ya ɗauki biro. Hannun da ya saba da almakashi ya sha wuya kafin ya cika shafi biyu. Fom ɗin kuwa sai da ya ja layi a kan jimlar horo sannan ya sa hannu. Shugabar ta gani, ta karɓa ta ajiye.

Washegari da safe ya tafi da Injiniya shago, wai ya taya shi ɗaura maɓallai. Nan ya gaya masa, ba tare da ya ɗaga kai daga allura ba. Yaron ya riƙa juya maɓalli a yatsa.

"Baba, ka ji tsoronsa?"

"Har jiya."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ma. Amma ka ji abin da zan gaya maka. Duk wanda ya taɓa ka ya ce ka ce faɗuwa ka yi, kada ka ce. Ko waye. Ka je wurin shugaba kai tsaye, ko a tsakiyar darasi ne. Ba za a ce ka yi tsegumi a gidana ba."

Ranar buɗe makaranta an jera tebura a bakin ƙofa, malamai na bincika akwatuna. Layin da Tela ya bi wata malama ce a kai, amma suna isowa gaba sai malamin Jan Gida ya taso daga nasa teburin ya ce mata ta huta. Da kansa ya buɗe akwatin Injiniya. Ya ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya, yana bin ɗinkin da babban yatsa.

"Hannunka na da kyau, Tsinke. Na ji a rubutu ma ba ka da dama."

Ya rufe akwatin, ya danna kwaɗo, ya miƙa wa yaron ɗan makullin. Injiniya ya kama, malamin bai saki ba sai da ya ga dama.

"Koren Gida," ya ce yana murmushi. "Ba nisa."

Mako shidan nan Tela bai san yadda suka wuce ba. Ya yanka wa wani mutum hannun hagu biyu a riga ɗaya, abin da ko yana ɗan koyo bai taɓa yi ba. In wayarsa ta yi ƙara gabansa sai ya faɗi. Sau ɗaya shugabar ta kira, ta ce takardarsa ta isa hukuma, sun ce za su zauna a kai, ba su sa rana ba.

Ranar ziyara filin ƙwallon makarantar ya cika da tabarmi da kulolin abinci. Injiniya ya zo a guje, ya rame, ya yi duhu, wuyansa ya ƙara tsawo. Uwarsa ta kama shi tana juya shi gaba da baya, tana ɗaga hannun riga, har ya ce, "Mama, mutane fa!" Babu tabo ko ɗaya. Ya zauna ya far wa abinci kamar wanda aka sako daga kurkuku, yana ba su labarin ƙararrawar asuba da wani malamin lissafi mai barci a tsaye. Can nesa malamin Jan Gida na bin tabarmi yana gaisawa da iyaye, ana ta sa masa albarka.

Sai da yaron ya ƙoshi sannan ya matso kusa da ubansa ya rage murya.

"Baba, akwai wani a ajinmu, bencinmu ɗaya, ɗan Jan Gida ne. Mako biyu ke nan ba ya iya riƙe biro, ni nake kwafar masa darasi. Ya ce wa kowa ƙofa ce ta datse shi. Amma ni ya gaya min."

"Kun je wurin shugaba?"

"Ya ƙi. Ya ce in na faɗa ya shiga uku. Na ce masa babana ya san irin abin."

"An zo masa yau?"

Injiniya ya nuna da haɓa. Kusa da ragar gola wani siririn mutum ne zaune a kan buhun da ya shimfiɗa, da kayan aikinsa na gareji a jiki, yana ɓare lemo yana miƙa wa wani ƙaramin yaro. Yaron da hagu yake karɓa, hannunsa na dama na cikin aljihu.

Tela ya goge hannu ya miƙe.

"Ka ci abincinka tukuna," in ji matarsa.

"In na dawo."

Filin ya yi masa faɗi. Yana tsakiya ya ga malamin Jan Gida ya bar gaisuwar da yake yi, ya miƙe tsaye, ya juyo yana bin sa da kallo. Tela bai canja hanya ba. Ya isa wurin mutumin ya yi sallama, ya durƙusa suka gaisa.

"Bawan Allah, ba ka san ni ba. Ɗana da ɗanka bencinsu ɗaya. In ba ka damu ba zan ɗan zauna, akwai maganar da nake so mu yi."

Mutumin ya dube shi, ya dubi ɗansa da ya sunkuyar da kai, sannan ya matsa ya ba shi gefen buhun.